ETF biyu, ɗaya a saya kai tsaye, ɗaya sai an sha tambayoyi

Wani ɗan'uwa da ke Jamus ya ce ya sayi ETF, wato asusun zuba jari da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari, mai bin S&P 500 (ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka 500) a manhajar dillalinsa ba wanda ya ce masa uffan, amma da ya nemi mai ninka motsin Nasdaq (wani ma'aunin hannun jarin Amurka) sau uku sai aka tare shi da tambayoyi. Yana son sanin dalili.

Malam, doka ce. MiFID II ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 3 ga Janairun 2018, ta kasa kayan zuba jari gida biyu: masu sarƙaƙiya da marasa sarƙaƙiya.

Na farkon da ka saya asusun UCITS ne, wato mai bin dokar Tarayyar Turai ta asusun zuba jarin jama'a. Dole ya rarraba kuɗin mutane a kamfanoni da yawa, kadarorinsa kuma suna hannun wani banki na daban mai ajiya. Yawancin irinsa marasa sarƙaƙiya ne a idon doka, don haka dillali zai cika maka umarni ba tare da ya auna saninka ba.

Na biyun fa? Dokar UCITS ba ta yarda ninki ya wuce biyu ba, saboda haka mai sau uku a Turai galibi takardar bashi ce da wani kamfani ya fitar, ko da manhaja ta jera shi cikin ETF. Sannan ninkin na yini ɗaya ne, kullum sabon lissafi. A ce kasuwa ta sauka daga 100 zuwa 90, washegari ta koma 100. Mai asusun farko bai rasa ko sisi ba. Mai sau uku ya faɗo 70, ya farfaɗo zuwa 93 da ɗoriya. Kasuwa ta dawo, kuɗinsa bai dawo ba. Wannan ne dillali yake so ya tabbatar ka gane. In amsoshinka ba su gamsar ba zai gargaɗe ka, wasu dillalan ma su hana ka saye.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne ɗaukar "marar sarƙaƙiya" a matsayin "marar haɗari". S&P 500 ya zube kusan kashi 20 cikin ɗari a 2022, masu asusun farko kuwa sun ji a jikinsu. Wannan kason na doka yana duba sauƙin fahimtar kaya ne kawai.

Ni dai in kuɗin shekaru goma kake ajiyewa, tsaya a na farko. Mai ninki kayan 'yan saye da safe su sayar da yamma ne.