Dermovate da Batun Zubewar Tsoka

Dermovate yana ɗauke da sinadarin clobetasol propionate kashi 0.05 cikin ɗari, kuma yana ajin sitiroyid (magungunan rage kumburi) mafi ƙarfi da ake shafawa a fata. A kan aikinsa na asali, irin su cutar soriyasis (mai sa fata ta yi ɓawo-ɓawo) da kaurin fata mai ƙaiƙayi da ya gagari ƙananan magunguna, ba shi da abin kushewa. Cikin 'yan kwanaki kumburi da ƙaiƙayi sukan lafa.

Shin yana cinye tsoka? In an bi ƙa'ida, da wuya ƙwarai. A shafa kaɗan, sau ɗaya ko biyu a rana, a kan ciwon kaɗai. Abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko kimanin rabin giram ne, kuma ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Kada a haura giram 50 a mako, kada a wuce mako 4 likita bai sake dubawa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake amfani da shi a nan Kaduna. Ana matse shi cikin haɗin man bilicin, a mulke fuska, wuya, cinyoyi da hamata safe da yamma, wata da watanni. Fatar fuska, wuya da hamata siririya ce, maganin yana ratsa ta ya shiga jini. Daga nan sai ya yi aiki kamar ƙwayar sitiroyid da aka haɗiye: yana rusa furotin ɗin tsoka, yana hana jiki gina sabo. Tsokar cinya, ƙugu da kafaɗa ce ke fara saki. Mace za ta ga sai ta dafa ƙasa kafin ta miƙe daga sujada, ko hannunta ya gaji tana tsaka da taje kai. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, ga nankarwa mai faɗi, wani lokacin har da hawan jini da ciwon suga. Wannan shi likitoci ke kira ciwon Cushing.

Akwai kuma ramewar da ba ta tsoka ba ce: fatar wurin ce ta yi siriri har jijiyoyi suka bayyana.

Jarirai sun fi shiga haɗari, musamman in an shafa a ƙarƙashin famfas, domin rufewa da danshi na ƙara yawan abin da fata ke tsotsa. Don Allah iyaye mata a kiyaye. Makero da ƙyasbi ma ba aikinsa ba ne, ɓoye su yake yi su ƙara yaɗuwa.

Wanda ya daɗe yana mulkawa kada ya daina dare ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin kotisol (sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa), yankewa farat ɗaya na iya jawo jiri, amai da faɗuwar jini. Ya ɗauki robar man ya je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a auna kotisol ɗin safe, a tsara masa ragewa sannu a hankali. Ƙarfin tsoka yakan dawo cikin makonni zuwa watanni, nankarwa kuwa takan zauna.