Curin gashi a tumbin 'yarka, da abin da na gani a asibiti da makaranta a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin da na yi maka alkawari game da tiyatar da aka yi wa 'yarka, wadda ka san tana da lalurar galahanga kuma ba ta iya faɗin inda yake yi mata ciwo.

Ta yi watanni tana ramewa, tana ture abinci bayan loma biyu, har ranar da amai ya ƙi tsayawa muka kai ta sashen gaggawa. Likita ya aza hannu a saman cibiyarta ya ji wani abu mai tauri, hoton da aka ɗauka da na'urar CT kuma ya nuna curin gashi ne ya cika tumbin. Ashe ta daɗe tana tsige gashinta tana haɗiyewa. Gashi ba ya narkewa, santsinsa kuma yana hana tumbi tura shi gaba, sai ya yi ta taruwa yana cakuɗuwa da majina da guntayen abinci har ya ɗauki siffar tumbin kansa, idan kuma jelarsa ta miƙe cikin ƙaramin hanji tana iya toshe shi ko ta huda shi. Da ƙarami ne da an gwada ciro shi ta baki da bututu mai kyamara, amma irin nata sai da aka buɗe ciki.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne ba a neman kuɗi kafin a taɓa mara lafiya. Gaskiya ne, ba wanda ya aike ni sayen zare ko ruwan ƙari kamar yadda muka saba a gida, sai dai ka sani cewa mu baƙi mun riga mun biya kuɗin hukumar lafiya ta NHS tare da biza, wanda ya kai fam 1,035 a shekara ga babba da fam 776 ga yaro tun daga 2024. Jiran ganin ƙwararren likita idan ba gaggawa ba ce yana da tsawo ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne wata ma'aikaciyar jinya da ta rage hasken ɗakin, ta bar yarinyar ta taɓa abin rufe hanci da baki ta jujjuya shi kafin a sa mata maganin barci. Dokar lafiya ta 2022 ce ta wajabta wa ma'aikatan asibiti horo kan galahanga da naƙasar koyo, kuma na ga amfaninsa da idona.

Maganar makaranta ce ta fi tsaya mini a rai, domin a ganina can ya kamata a tare wannan abu tun kafin ya kai ga wuƙa. A takarda tsarin yana da kyau. Dokar yara da iyalai ta 2014 ta ba yaro mai buƙata ta musamman damar samun kundin da ya haɗa iliminsa da lafiyarsa da kulawarsa har zuwa shekara 25, kuma ƙaramar hukuma tana da mako 20 ta kammala shi, ko da yake namu ya wuce haka. Dole ne kowace makarantar gwamnati ta gama-gari ta naɗa malami mai takardar koyarwa da zai riƙe sha'anin irin waɗannan yara, ya kuma sami shaidar ƙwarewa ta ƙasa cikin shekara uku da kama aikin. Malaman kurame da makafi ma suna da tasu shaidar ta tilas, hukumar Ofsted kuma tana bincikar makarantu har da cibiyoyin da ke horar da malamai.

Amma wadda take wuni a gefen 'yarka mataimakiyar malami ce, kuma doka ba ta gindaya wata takardar ƙwarewa ta tilas ga mataimaka ba. Baiwar Allah ce mai haƙuri, ta sha ganin yarinyar tana kai gashi baki, ta ɗauka ɗabi'a ce kawai ta masu lalurar, domin ba wanda ya taɓa koya mata cewa cin abin da ba abinci ba alama ce da ake gaggauta sanar da iyaye da likita. Ban ga laifinta ba, mu ma da muke kwana da yarinyar ba mu gane ba.

A zaman sake duba kundin nata na nemi a rubuta ƙarara cewa duk wanda zai zauna da ita sai ya sami horo kan wannan ɗabi'a, kuma a riƙa rubuta kowace rana abin da aka ga ta kai baki. An amince. Yanzu an rage mata gashi, an ba ta wata roba da aka yi domin taunawa tana rataye da ita a wuya, ɗinkin ya warke, kuma ta fara cinye abincinta. Ku ci gaba da sa ta a addu'a.