Bitar kwana biyu kan wariyar launin fata a Bauchi: yadda na same ta

A ƙarshen makon jiya na halarci wata bita ta kwana biyu da wata cibiya mai zaman kanta ta shirya a garin Bauchi, a kan fahimtar wariyar launin fata da koyon yadda ake tattauna ta ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ko cin fuska ba. Kuɗin rajista naira dubu goma sha biyar ne, ciki har da shayin safe, abincin rana da ƙunshin takardu. Mu kusan talatin ne a zauren, yawancinmu malaman sakandare da ɗaliban jami'a, sai 'yan jarida biyu, da liman, da fasto, da wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati. Da shakku na je, domin a ganina wannan ciwon Amurka da Turai ne, mu kuwa da muke baƙaƙe gaba da baya me ya haɗa mu da shi?

Ranar farko ta tarihi ce, kuma malamin da ya jagorance ta ya san hannunsa. Ya fara da nuna cewa rarraba 'yan Adam zuwa jinsuna masu hawa-hawa ba halitta ba ce, ƙirƙira ce da ta yi ƙarfi a Turai a ƙarni na 18, a daidai lokacin da cinikin bayi ta Tekun Atilantika yake neman hujjar da zai fake da ita, alhali bambancin launi ba komai ba ne illa yawa ko ƙarancin sinadarin melanin a fata. Daga nan ya gangara Amurka, ya bi ta kan Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba Bature kujerar bas a Montgomery a 1955, da dokar 'yancin jama'a ta 1964, har zuwa kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis a watan Mayun 2020. Wannan sashe ya yi tsawo fiye da kima, don yawancinmu mun riga mun ji shi a rediyo.

Inda ya kama hankalina shi ne Afirka ta Kudu. Ya bayyana yadda gwamnatin wariyar launin fata da ta hau mulki a 1948 ta kafa dokar rajistar jama'a a 1950, wadda ta tilasta a rubuta launin kowane mutum, har ta kai jami'ai suna soka fensir a gashin wanda suke tababa a kansa, in fensirin ya maƙale to ba Bature ba ne. Ya ambaci kisan da 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zanga 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar ranar yaƙi da wariyar launin fata. Sai ya yi nuni da hannu wajen taga, ya tuna mana cewa Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, yana cikin shugabannin da suka tsaya kai da fata wajen adawa da wariyar Afirka ta Kudu a taron ƙungiyar Kwamanwel, wato ta ƙasashe renon Ingila, na Landan a 1961, taron da ya ƙare da ficewar Afirka ta Kudu daga ƙungiyar. Na wuce ta gaban wannan hubbare sau ba adadi, amma ban taɓa haɗa shi da wannan tarihi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa in gyara darasin da nake ba ɗalibaina.

Sai dai duk wannan magana ce mai daɗin baki, domin laifin wani ake lissafawa, kuma laifi tudu ne. Darajar bitar ta fito ne a rana ta biyu, a hannun wata Hajiya mai aikin sasanci. Ta fara da shimfiɗa sharuɗɗa: kowa ya yi magana da bakinsa, ba da sunan ƙabilarsa ko addininsa ba; kada wanda ya katse wani; kuma wanda zai mayar da martani sai ya fara maimaita abin da ya ji, mai maganar ya tabbatar cewa haka yake nufi. Wannan sharaɗi na ƙarshe da farko ya yi kama da ɓata lokaci, amma shi ne ya riƙa kashe wuta tun tana tartsatsi. Sannan ta raba mana ƙananan katuna, ta ce a fuska ɗaya kowa ya rubuta sunan da aka taɓa kiransa da shi ya ji zafi, a ɗaya fuskar kuma sunan da shi kansa yake kiran wasu da shi. Fuskar farko ba ta ɗauki minti ɗaya ba. A ta biyu na ga alƙaluma sun tsaya cak, har da nawa.

Da aka tattara katunan aka karanta ba tare da sunayen masu su ba, zauren ya yi tsit. Ga "aboki" da ake jifan Bahaushe da shi a Legas, ga "Inyamuri", ga "arne", ga "kaɗo", ga "ɗan bayi", ga "ƙabila" da muke kiran duk wanda ba Bahaushe ko Bafillatani ba, kamar mu ba mu da ƙabila. Dattijon nan ya ɗaga hannu ya ba da labarin yadda wani mai shago a Makka ya tsallake shi ya sallami mutum uku da suka zo a bayansa, yana kiransa Takari, ya ce bai taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, ga shi kuma da harami a jikinsa. Wata malama daga Bogoro ta jira ya gama, ta maimaita labarinsa kamar yadda sharaɗi ya tanada, sannan ta ce cikin ladabi: "Baba, abin da ka ji a Makka rana ɗaya, shi nake ji a garin nan duk lokacin da na je neman hayar gida aka tambaye ni sunana." Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "'Yata, ban taɓa auna su a ma'auni ɗaya ba." Hajiya ba ta cika shirun da ya biyo baya da surutu ba, ta bar shi ya yi aikinsa, kuma a nan na san ta ƙware.

Ta kuma yi hattara wajen bambanta abubuwa. Ta ce ƙabilanci da wariyar launin fata ba abu ɗaya ba ne, amma sukan sha ruwa a rijiya ɗaya, kuma Turawan mulkin mallaka sun ƙara wa rijiyar zurfi da suka riƙa fifita masu hasken fata da dogon hanci a matsayin waɗanda suka fi cancantar mulki. Daga nan zance ya faɗa kan launi a cikin gida. Wata ɗaliba ta kawo kirarin "farar mace alkyabbar mata" da zancen samari na "fara ko mayya ce", ta tambaya wane ne yake da bakin zargin yarinyar da ta koma shafa man bilicin bayan ta girma tana jin wannan a bakin iyaye da 'yan'uwa. Liman ya kawo hadisin Abu Zarri, wanda ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. An kuma taɓo wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, aka yi muhawara mai kyau kan inda wasa yake ƙarewa gori ya fara, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa wasa sai tsakanin waɗanda kowannensu yake da damar ramawa.

Akwai kurakurai, kuma ba ƙanana ba ne. Takardun da aka raba da rubutun da aka haska a bango duk da Turanci suke, ga shi masu gabatarwa ba su daidaita kan kalmomin Hausa ba, wannan ya ce launi, wancan ya ce jinsi, wani ya ce asali, har wasu suka rikice. Mafi girma kuwa, an yi wa batun bauta a ƙasar Hausa hawan ƙawara. An ambaci cewa sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, an kuma ambaci fatawar malamin Timbuktu Ahmad Baba ta 1615 da ta ƙaryata cewa baƙar fata dalili ce ta bautarwa, amma da wani ya tambayi dalilin da har yau wasu gidaje suke binciken asali kafin ba da aure, sai aka ce lokaci ya ƙure. Lokacin kuwa da ya wadatar, da ba a fara zama a makare da fiye da awa ɗaya a kowace rana ba, da kuma an rage tarihin Amurka. Haka batun takardar shaidar ɗan asalin jiha, da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da ya haramta nuna bambanci, an ambace su ne a tsaitsaye ana tattara jakunkuna.

Zauren yana da tsabta da iska, janareta ya ɗauka duk lokacin da aka ɗauke wuta, amma makirufo ɗaya ne ake yawo da shi. Masar da aka kawo da miyar taushe ba ta kunyata Bauchi ba.

Ga malamai, limamai, fastoci da 'yan jarida, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, musamman saboda rana ta biyu, kuma ni kaina zan gwada aikin katunan nan da 'yan ajin ƙarshe a zangon da ke tafe. Wanda yake neman satifiket kawai zai samu, amma zai sha zaman da ba zai yi masa daɗi ba. Masu shiryawa sun ce za su maimaita bitar a Gombe, kuma na rubuta musu a takardar jin ra'ayi cewa su mayar da ita kwana uku, su fassara takardun, su kuma ware rana guda cur ga batun asali da bauta.