Gargaɗi ga maƙera: mai tallan man ban ruwa a Facebook ɓarawo ne

Naira 85,000! Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji cikina ya juya. Naira 85,000 a kan jarkar baƙin mai da ruwa.

Kada wani ya ce min wauta na yi. Ƙira gadonmu ce, tun ina jan zugazugi na san ban ruwa, wato tsoma jan ƙarfe a ruwa ko mai don ya yi tauri. Na san in ka tsoma sifirin ɗin mota a ruwan sanyi tsagewa zai yi, mai yake so. Shi ma mutumin ya sani, abin da ya ci ni ke nan. A waya yake ce min, "Baba maƙeri, ka bari ƙarfen ya yi ja har mayen ƙarfe ya daina kama shi, ka ɗan ƙara masa wuta, ka ɗumama man kafin ka tsoma." Har wajen mayar da wuƙa wuta kaɗan ta yi kalar kara don kada ta karye, duk ya faɗa daidai. Wa zai ji wannan ya yi zargi? "Baba maƙeri," in ji shi. Har bidiyo ya turo, magagari yana zamewa a kan kaifi, alamar ƙarfen ya yi tauri.

Yanzu lambar a kashe take. Direba ne ya sauke min jarkar ran kasuwar Gujungu, na buɗe, saman man garau. Kuɗin kuwa tun kafin nan na tura ta POS, 85,000 cif, wai man kamfani ne daga waje. Da magariba yaro ya juye a bututun da nake tsoma wuƙa, ashe mai ne ya taso sama, ruwa na kwance a ƙasa. Ina tsoma wuƙar farko sai tartsatsi da hayaƙi mai wari, sai na ji ƙas! Tsinin ya kai ga ruwan. Ta tsage tun daga baki har gadon baya. Wuƙaƙen mahauta ne fa na Babbar Sallah, sun ba da kafin alƙalami, yanzu da wane ido zan kalle su?

Da man gyaɗa na saya da kuɗin nan da tuni na gama aikina.

Hotunan hirarmu da rasit suna nan, zan sa su in ɗana ya dawo da wayar. In za ku sayi mai, a juye jarkar a gabanku har gindi kafin ku ba da ko sisi.