Cotswolds ko Yorkshire Dales: Ina Mai Keke Zai Nufa?

Masu shirin yawo da keke a karkarar Ingila suna yawan tambaya wanne ya fi tsakanin Cotswolds da Yorkshire Dales. Cotswolds ya fi sauƙin zuwa, domin jirgin ƙasa daga Landan yana kai mutum Moreton-in-Marsh, wani gari a yankin, cikin kimanin awa ɗaya da rabi, tudunsa gajeru ne, sai dai masauki akwai tsada. Dales kuwa sai mai juriya, domin hawan tudun Buttertubs, wanda gasar tseren keke ta Tour de France ta bi a 2014, yana cin ƙafa, iska da ruwan sama ba sa sallama, tumaki kuma kan faɗo titi ba zato. Sabon shiga yawon keke, Cotswolds ne ya fi dacewa da shi, wanda kuma ya saba hawan tudu, ba ya gudun sanyi, Dales ne nasa.