Na kalli fim ɗin Marlina, matar da ta ɗauko kan mutum ta tafi kai ƙara

Ƙanena ne ya turo min fim ɗin nan, shi mayen fina-finan faɗa ne na Indonesiya irin waɗanda ake silat, wato salon faɗan gargajiyarsu, ana karya ƙasusuwa, ya ce min Yaya wannan ba nawa ba ne naki ne, minti ashirin na yi na kashe. To ni sau biyu na kalla cikin sati ɗaya, na farko a waya cikin dare, na biyu a talabijin bayan yara sun kwanta, kuma gaskiya sai a na biyun na gane abin da na kalla. Sunansa da yarensu Marlina si Pembunuh dalam Empat Babak, wato Marlina mai kisa, a babi huɗu. Ya fito a 2017, wata mata ce Mouly Surya ta ba da umarni, Marsha Timothy ta fito a Marlina. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa, a gida kuma ya kwashe kyautar Citra, babbar kyautar fina-finan Indonesiya, har 10 a 2018. Zan taɓo yadda labarin ya ƙare, wanda bai son a faɗa masa ya tsaya a nan.

A tsibirin Sumba aka yi shi, gabashin Indonesiya. Ni da an ce Indonesiya abin da ke zuwa min shi ne daji kore shar da ruwan sama da mahajjatansu da ake gani a Makka cikin tsari, sai ga shi an buɗe fim da tuddai da busasshiyar ciyawa ruwan ƙasa, rana ƙwal, hanya ɗaya ta miƙe ba kowa, wallahi kaman dajinmu in rani ya tsaya. Can kan tudu gida ɗaya tal, nan Marlina take ita kaɗai, mijinta ya rasu, kabarin ɗanta yana ƙofar gida. Gawar mijin ma ba a binne ba, tana zaune a kusurwar ɗaki an naɗe ta da saƙaƙƙen zane, sabida a al'adar Marapu ta mutanen Sumba jana'iza na cin dabbobi da kuɗi masu yawa, sai a ajiye mamaci har a samu halin yi. Fim ɗin bai tsaya yi maka bayani ba, kawai kana kallo ka lura ashe abin can na gefe mutum ne.

Sai wani dattijo mai dogon gashi, Markus, ya zo a babur ya shigo ya zauna kaman gidansa, cikin sanyin murya ya gaya mata cewa abokansa na tafe, su bakwai ne, za su kwashe dabbobinta kuma duk za su kwana da ita, sannan ya ce ta dafa musu miyar kaza. Wannan wurin ya fi ko'ina tayar min da hankali, ba ihu ba zare ido, mutum yana faɗar mugun abu kaman yana cinikin goro. Duk wanda yake da dangi a ƙauyukan da ɓarayin shanu suka addaba ya san irin wannan labarin, su zo su ci abincinka kafin su kwashe maka garke.

Abin da ta yi shi ne ta zuba 'ya'yan wani itace mai guba a miyar. Kuma ga inda na sara wa mai ba da umarnin: kyamara ba ta bi mazan ba, tana kan Marlina a gaba ta juya musu baya, su suna can bayanta suna santi suna yaba girki, sai ka ga ɗaya ya kife, wani ya bi, har huɗu, ita ko waiwayowa ba ta yi ba, sai ɗan motsi kaɗan a bakinta. Sau uku na mayar da wurin nan. Markus bai sha ba, ya yi mata fyaɗe, a cikin hakan ta jawo addarsa ta fille masa kai. Da safe ta ɗaure kan da ƙyalle ta riƙo shi a hannu ta fito bakin titi jiran mota, za ta ofishin 'yan sanda.

Marsha Timothy ta yi ƙoƙari ba kaɗan ba, maganarta a fim ɗin ba ta da yawa, da ido da tafiya take aikin, shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Sitges na Sifen. Amma ni wadda ta fi shiga raina Novi ce, ƙawarta mai tsohon ciki da ya wuce watanninsa, Dea Panendra ta fito a ita. Surutu gare ta kaman me, ta ga ƙawarta riƙe da kan mutum amma can sai ta koma zancen mijinta da ke zarginta wai jinkirin haihuwar alama ce ta bin maza. Hirarsu a hanya, da wata tsohuwa da ta dage sai an loda mata dawakai biyu a motar don na kayan auren wani yaronsu ne kar a fasa biki, su suka sa fim ɗin ya yi rai, haka mata suke, duniya na ci da wuta amma ba a fasa zancen gida.

Babin 'yan sanda kuma haushi ne zalla. Ta zauna tana jira suna can suna buga ƙwallon tebur, da aka zo ɗaukar bayani a keken rubutu sai jami'in ya koma tambayarta me ya sa ta bari tsoho ya yi mata haka, gwajin asibiti kuma sai ta jira don ba kayan aiki. Ba a yi wa wurin kiɗan tausayi ba, an bar shi haka ɗanye, kuma ya fi ciwo a hakan.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Wanda ya ga an rubuta fim ɗin faɗa ya shigo da sa ran dambe zai yi fushi, minti casa'in da 'yan kai ne amma saran adda bai wuce ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma babi na biyu yana jan ƙafa sosai, a ajiye kyamara can nesa mota ta taho kaman tururuwa ka yi ta jira. Hotunan Yunus Pasolang suna da kyau matuƙa, to amma wani lokacin kyan ya yi yawa har ya janye hankalinka daga halin da matar take ciki, ka koma kallon tsauni. Kiɗan ma irin na tsofaffin fina-finan kaboyi ne, yana da daɗi ba ƙarya, sai dai a wasu wurare na ji kaman don 'yan kallon Turai aka sa shi, na fi son sautin ƙaramar molon nan tasu, jungga, da gangar jikin Markus marar kai take bin Marlina tana kaɗawa. Ita ma wannan fatalwar farko ta ba ni tsoro, daga baya ta zama ado kawai, ba ta ƙara wa labarin komai ba.

Sannan mazan. Kusan duk ko mugu ko sakarai ko matsoraci, ba wanda aka tsaya aka gina shi. Na gane fim ɗin na matan ne, amma da an ba Franz, matashin nan cikin ɓarayin da ya biyo ta, ɗan zurfi, da ƙarshen ya fi nauyi. Kuma ƙarshen ne babban ƙorafina: an sake maimaita fyaɗen, a gida ɗaya, don dai Novi ta ɗauki adda tana naƙuda ta yi abin da Marlina ta yi. Na san so ake babi na huɗu ya amsa na farko, amma ni a matsayina na mace ban ga dalilin a sake sa ni kallon wannan ba, na riga na yarda da su tun a babi na ɗaya. Haihuwar da ta biyo baya a ƙasan ɗakin, Marlina na karɓa, ita ce ta ɗan wanke min zuciya.

Na ba shi 8 cikin 10. Ba na kallo da yara ba ne ko kaɗan, kuma in da hali a nemi babban allo, a waya rabin fim ɗin ɓacewa yake don mutanen ƙanana suke fitowa a cikin filin nan. A nemi mai fassara mai kyau a ƙasan allo sabida hirar Novi, wanda na fara samu fassarar ta riga maganar gudu sai da na canja. Ƙanena kuma har yanzu bai yarda ya ƙarasa ba, na ce masa ya daure ko zuwa wurin miyar kazar ne.