Jakar goyon da na zaga da ita daga Bauchi har tsibiran Senegal

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo ake ta tambayata wai da gaske da wannan 'yar jakar kaɗai na yi watanni a waje ni ɗaya, ba akwati ba gana-mas-go? Da ita ce wallahi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda na same ta, inda ta yi min rana da inda ta ba ni haushi, ko wani mai niyyar irin wannan doguwar tafiya zai san abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

Jakar goyo ce irin ta masu hawan dutse, lita 40, baƙa. A kasuwar Wunti na same ta wajen masu fasa dilar gwanjo, tambarinta ma ya goge ba a gane na wane kamfani ne, amma ɗinkinta kana taɓawa ka san ba irin na jakar 'yan makaranta ba ne. Kuɗinta ya kusa na ƙaramin akwati mai taya guda biyu, na tsaya ina ja da mai kaya ya ce min Alhaji ɗaga ka ji bayanta tukuna, na ɗaga na ji wasu siraran ƙarafa biyu a ciki, ga ɗamara mai kaurin soso da ake ɗaurawa a ƙugu. Wannan ɗamarar ita ce jakar gaba ɗaya in ka tambaye ni. In ka ɗaure ta daidai nauyin kan ƙugu yake sauka, kafaɗa tana hutawa, kana iya tafiyar awa guda a ƙasa ba ka ji wuyanka ya riƙe ba. Sannan zif ɗinta zagaye yake, kana buɗe ta kwance kamar akwati ka ga komai a fili, ba sai ka zazzage kaya a tasha don neman safa ɗaya ba.

Abin da na zuba mata: kaftani uku marasa nauyi, wando da singileti, siririyar sallaya, farin ƙyallen wazifa, ƙaramin Alƙur'ani, silifas, caja da fawabank, maganin zazzaɓin cizon sauro da sabulun wanki. Buta a waje nake rataye ta. Fasfo da katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa da ake tambaya a boda, suna cikin wani ɓoyayyen aljihu da ke manne da bayana, sai an sauke jakar daga jikina kafin hannu ya kai wurin.

Zuwana Kaulaha na farko, garin Shehu Ibrahim Inyass a Senegal, cikin ayarin Maulidi ne shekarun baya, ta Yamai, Wagadugu, Bamako har Kayes muka bi, ana zikiri a mota ana raba dabino. Wannan karon saboda halin tsaro na waccan hanyar sai na bi ta gaɓar teku, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, kuma ɗan ƙasar ECOWAS yana da kwana 90 ba biza a kowace ƙasa ta ƙungiyar, to ban yi gaggawa ba sam. A bodojin nan ne na fara sa wa jakar albarka. Mota za ta ajiye ka, ka taka da ƙafa ka bi layin buga hatimi, ga 'yan canji ga 'yan dako kowa na jan hannunka, mai akwati biyu hankalinsa ya rabu gida uku, ni kuwa hannuwana biyu a sake, fasfo a dama canji a hagu. Wanda bai taɓa tafiya shi kaɗai ba ba zai gane ba, babu mai tsare maka kaya in za ka kama ruwa ko ka yi alwala, dole kayanka su zama abin da za ka shiga da shi ko ina.

A Kwatano ta fara nuna min aibinta. Ina kan acaɓa, masu rigar nan ruwan ɗorawa da suke kira zemijan, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kafin mu samu rumfa ruwan ya bi ta zif ya jiƙa kaftani biyu sharkaf. Yadinta yana ɗan tare yayyafi amma ruwan gaɓar teku ya fi ƙarfinta, kuma marufin ruwan da irinta ke zuwa da shi babu shi, gwanjo ce. Daga ranar babbar baƙar leda nake shimfiɗawa a ciki kafin in jera kaya, shikenan magana ta ƙare.

Kumasi na fi daɗewa a Gana, don a nan na yi wani yanki na ƙuruciyata wajen kawuna mai fataucin goro, a Aboabo. Unguwar ta cika ta tumbatsa, gidan da muka zauna an ɗora masa bene, amma Hausar Zango tana nan daram, da wake da shinkafarsu da koko da ƙose da safe. A can zif ɗin ƙaramin aljihun sama ya ɓalle, shi dama siriri ne ba kamar babban ba. Wani dattijo shumeka kusa da kasuwar Kejetia ya karɓa, ya matse bakin zif ɗin da filaya, ya goga masa kyandir sama da ƙasa, ya ƙara ɗinka bakin madaurin hagu da zaren takalmi ba tare da na ce ya yi ba. Na ce Baba nawa ne, ya ce ɗana daga ina, na ce Bauchi, ya ce to ka ba da abin da ya sauwaƙa ka gaida mutanen Yakubu. Ɗinkin nan har yau bai motsa ba.

Daga Akara jirgi na hau zuwa Dakar, jakar ta shige a matsayin kayan hannu ba a ce in auna ta a ƙasa ba, sai dai fa ku kula, yawancin kamfanonin jirgi kilo 7 zuwa 10 suke yarda da shi, in ka cusa mata kaya har ta kumbura za a tsayar da kai. Filin jirgin Dakar yanzu a Diass yake, an buɗe shi a Disamba 2017, da nisa sosai da cikin gari.

Tsibirin Gore shi ne inda na fi son komawa, kuma can ne duk mai akwatin taya zai raina kansa. Daga tashar jirgin ruwan Dakar kamar minti 20 ne, tsibirin tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota ko ɗaya, lungunan yashi ne da duwatsu, na ga masu yawon buɗe ido suna ɗaukar akwatunansu a ka saboda taya ta ƙi juyawa. A zuwan farko awa biyu aka ba mu, aka kora mu cikin Gidan Bayi aka fito da mu aka ce jirgi zai tashi. Wannan karon kwana na yi. Gidan an gina shi wajen 1776, UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, masana tarihi suna saɓani kan yawan bayin da aka fitar ta nan ɗin, amma in ka tsaya a ɗakunan ƙasa, masu duhu da ɗan siririn tagar da hannu ma da ƙyar yake shiga, ka kalli ƙofar nan da ke buɗewa kai tsaye kan teku, lissafi fita yake daga kanka. Da jirgin yamma ya kwashe baƙi sai garin ya koma na masu shi, yara na ƙwallo a dandali, mata na soya kifi, na yi magariba a tsohon masallacin dutse da ke gindin tudun Castel, igiyar ruwa na dukan katangarsa ana sallah. Irin wannan ba ka samunsa in kana cikin ayari, kuma ba ka samunsa in kaya sun ɗaure ka a masauki a Dakar.

Saint-Louis, wadda su suke kira Ndar, ita ma tsibiri ce a cikin kogin Senegal. Faransawa suka kafa ta a 1659, ita ce babban birnin ƙasar har 1957. Gadar ƙarfen Faidherbe ta 1897 ta haura mita 500, da ƙafa na tsallaka ta jaka a baya, na wuce har Guet Ndar unguwar masunta inda kwale-kwale masu fenti suke jere ba iyaka, teku kuma na ta cin gidajen bakin gaɓa, abin tausayi. A nan na ci cebujen, wato dafa-dukan shinkafa da kifi, ɗin da ya fi kowanne, dama asalinsa daga garin ne. Motocin hanya kuwa tsofaffin Peugeot ne masu cin mutum bakwai, set-plas, kuma kuɗin kaya daban ake caja, yaran mota suna kallon girman kayanka su yanka maka farashi. Nakan ɗora tawa a cinya, wani lokaci su ƙyale ni wani lokaci in ba da ɗan abu kaɗan. Amma in kujerar can baya ka samu, ɗamarar nan mai kauri da nake yabo ita ce za ta tokare maka ciki har ku isa, ba ta naɗewa ba ta cirewa.

Kaulaha zafi, ga gishiri a iska daga kogin Salum. Nan baƙin launinta da soson bayanta suka gasa ni, daga tasha zuwa Madina Baye, unguwar Shehu, bayan rigata ya jiƙe jagab, in da zan sake zaɓa mai raga a baya zan ɗauka kuma mai haske. Aljihun gefe ma ƙarami ne, babbar robar ruwa ba ta zama, sai dai a hannu. Amma da na shiga masallacin Shehu Ibrahim Inyass, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a Landan a 1975, na ji Hausa ta ko ina, mutanen Kano, Gombe, Zariya, Kumasi, alaƙar da ta samo asali tun haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, sai na manta da zufar. Ba lokacin Maulidi ba ne, ba turmutsutsu, na zauna ziyara a natse yadda ban samu yi ba a wancan zuwan. Gidan da aka sauke ni ɗaki ɗaya ne mu da yawa, jakar ita ce matashina da dare, ramukan kan zif ɗinta kuma suna haɗuwa ƙaramin kwaɗo ya shiga.

Wanda zai je Umara ko biki da manyan riguna da tsaraba, wannan ba taka ba ce, babbar riga mai sitati ba za ta fito da mutuncinta daga ciki ba, ni ma tsarabar da na yi kaɗan ce, kofi Tuba da turare da carbi. Amma mai tafiya shi kaɗai daga mota zuwa acaɓa zuwa jirgin ruwa, ina ba shi shawarar ya neme ta. In ka je Wunti ko Muda Lawal kar ka saya a rataye, ka sa mai kaya ya zuba mata wani abu mai nauyi ka goya, ka ɗaure ɗamarar ka ɗan zaga, ka ja kowane zif sau da yawa, ka ɗaga ta sama ta fuskar rana ka duba ƙasanta ko akwai huji, sannan ka tambaya ko marufin ruwanta yana cikin dilar.